Takardar Liman da Gidan Mu'mina

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan azahar

A bayan littafin awo nake wannan rubutu, don shi kaɗai ne littafin da ba mai buɗewa sai ni. Gabansa wuyan mutanen unguwarmu Briqueterie ne da kafaɗunsu da tsawon hannayensu. Bayansa kuwa yau na ware wa kaina, tunda abin da ke cikina ba na gaya wa mutum ba ne.

Da hantsi wani mai kwat da jakar hannu ya shigo shago yana tambayar Rilwanu tela. Na ɗauka ɗinki ne, har na zaro tef daga wuyana. Ashe sammaci ne daga kotu. Ya nuna mini inda zan sa hannu, na sa. Abokan aikina biyu suka duƙufa a kan kekunansu kamar ba su ga komai ba, Allah ya saka musu da alheri.

Mai ƙara Mu'mina ce. Mu'minata, wadda na riƙa ɗauka a wuya zuwa filin Idi. A kan gidan ne, gidan marigayi Yaya Abdulbaƙi na layin masu kilishi, inda take zaune da mijinta Nu'man. An sa ranar 24 ga wata.

Ni ban ci amanar kowa ba. Jinkiri na yi.

Talata, 8 ga Oktoba, magariba

Ban gaya wa matata Habiba ba. Ta yi tuwon masara da miyar kuka, na ce cikina ke ciwo.

Laraba, 9 ga Oktoba, da safe

Ashe ni kaɗai nake ɓoye abin da kowa ya sani. Ina shan koko Habiba ta zauna a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Malam, mai kwat ɗin ya same ka?"

Na ce wane mai kwat.

Ta ce, "Nan ya fara zuwa. Ni na kwatanta masa shago."

Shekara talatin da aurenmu ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi haka ba. Ta ce tun watan jiya ta sani, ranar da masu awon fili suka je gidan da ƙarfensu mai ƙafa uku suna leƙa kusurwa-kusurwa. Mu'mina ta fito ta tambaye su wa ya aiko su. Suka ce mai gidan ne, zai sayar wa Alhaji Shamsuddin ya gina bene. Ta ce ai ita ce mai gidan. Suka nuna mata takarda, ta ga sunana.

"Sau uku ta zo nan," in ji Habiba. "Ta zauna inda kake zaune, ta jira ka har la'asar. Na aika maka, ka ce kana da yanka."

Ina da yanka kuwa ranakun. Wannan ba ƙarya na yi ba.

Sai na hau faɗa. Na ce harkar fili ba ta mata ba ce, na ce Nu'man ne ke zuga ta, na ce yarinyar da na ci da ita na sha da ita ce yau za ta kai ni gaban alƙali. Har kofin kokon na ture. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na sani, ina yi ina jin kaina. Habiba ta ɗauko tsumma ta goge kokon, ta shiga ɗaki.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Tsinga na je na yi Juma'a. Shekara nawa ina sallah a masallacinmu, yau na hau taksi na bar unguwa don kada in haɗa sahu da Nu'man. Can ma da liman ya ambaci dukiyar maraya a cikin huɗuba sai na ji kamar duk masallacin ya waiwayo. Ba wanda ya waiwayo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Da na dawo ban bi ta layinsu ba, na zaga ta Ekoudou.

Lahadi, 13 ga Oktoba, hantsi

Ruwa ake yi tun asuba, ba mai zuwa shago. Bari in rubuta abin tun daga tushe, ko na ga inda na karkace.

Mu'mina 'yar fari ce a wurin Yaya. Gidanmu kuwa mutanen da ne. Kakanmu ya zo daga Kano da kunyar ɗan fari a cikin kayansa, har yau ba mu sauke ta ba. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. Ranar suna ma Yaya bai zauna a gida ba, shago ya gudu. Da aka ce a je meri, ofishin magajin gari, a yi mata akt, wato takardar haihuwa, ya ce shi ne zai tsaya gaban ma'aikaci ya buɗe baki ya ce ya haihu? Ya tura ni. Ma'aikacin ya ce sunan uba, na ba da nawa. Ya ce sunan uwa, na ba da na Habiba. Da ma an riga an ce mu za a ba riƙonta in an yaye ta, tunda mu Allah bai ba mu haihuwa ba. Na dawo na gaya wa Yaya, ya yi dariya ya ce takardar Nasara ce, ta shiga makaranta ce kawai, wa zai tambaya.

Uwarta ta rasu tana da wata takwas, aka kawo mana ita tun kafin yaye. Yaya bai sake haihuwa ba. Ta tashi tana ce mini Baba, tana ce wa Habiba Inna, mahaifinta kuwa Baffa take ce masa. Shi kuma in zai yi maganarta sai ya ce "yarinyar gidanka". Amma kowace Sallah shi ke zaɓo mata atamfa da kansa, ya ajiye mini a kan teburin yanka, ba ya cewa ta wace ce.

Tana da shekara sha biyar ya kwanta ciwon ajali. A asibiti ya kama hannuna ya ce, "Rilwanu, gidan nan ka riƙe wa yarinyar gidanka." Ko a nan bai faɗi sunanta ba. Bayan arba'in Liman Isma'ila ya raba gado, ni na ɗauki shago da kekuna, ita aka ba ta gida. Ya rubuta da ajami, shaidu biyu suka sa hannu, aka ba ni takardar in ajiye tunda ni ne wasiyyi. Ranar ce Habiba ta zaunar da ita ta gaya mata ko wane ne aka binne. Ta yi kuka kwana uku, ta tashi ta ci gaba da ce mini Baba.

Na gaji. Sauran sai gobe.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Sauran shi ne mai wuya.

Shekara huɗu da rasuwar Yaya aka fara raɗe-raɗin rusau, wai duk gidan da ba shi da titir, takardar mallaka ta gwamnati, zai sha ƙasa. Na tashi tsaye don in ceci gidan, Allah shi ne shaidata. Aka ce sai na kawo takardar magada daga kotu. Aka duba, a takarda Yaya ya mutu bai bar ɗa ba, ba shi da kowa sai ni. Na ce to a sa sunana, in hankali ya kwanta in mayar mata. Ban gaya wa kowa ba don kada a ga kamar wani abu ne.

Hankali ya kwanta, rusau bai zo layin ba. Na ce bayan Sallah. Na ce bayan bikinta. Yau shekara tara.

Maganar kayan Kano ba zan rubuta ta ba. Abin da ya faru a hanya ya faru, masu kaya kuma ba ruwansu da hanya, kayansu suka sani. Ina cikin wannan hali na bashi Alhaji Shamsuddin ya zo, da ma ya daɗe yana zawarcin layin. Na karɓi kafin alƙalami na rufe bakin mutane. Na ce zan kama musu haya mai kyau a Nkomkana, in gaya mata a hankali, in na farfaɗo in saya mata wani.

Jinkiri ne. Na yi niyyar gaya mata.

Laraba, 16 ga Oktoba, la'asar

Na je wurin lauya, Metir Essomba, wani gajere mai fara'a da ofis a saman bene. Ya jera takardun a tebur, titir a dama, akt ɗin Mu'mina a hagu, ya karanta, ya cire tabarau ya yi dariya.

"Monsieur Rilwanou, c'est fini," in ji shi, wato magana ta ƙare. Ya ce a takarda 'yata ce, ba 'yar Abdulbaƙi ba, don haka ba ta da hanyar gadonsa. Ni kuma ina raye, ba ta gaje ni ba tukuna. Ya ce ita ba ta da komai sai baki. Ya ce in ma alƙali ya kira ni, tambaya ɗaya ce, wannan 'yarka ce? In ce e, mu tafi gida.

Na ce ai 'yata ce.

Ya ce, "Voilà, shi ke nan."

Da zan fita ya tambaye ni ko akwai wata takarda a wani wuri da ya kamata ya sani. Na ce babu.

Takardar Liman tana cikin gafakar Alƙur'anin mahaifinmu, a saman kwaba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Na yanka hannun rigar wani sau biyu duk na hagu. Shadda mai tsada.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Abin da na yi yau ko maƙiyina ba zan so ya sani ba.

Liman Isma'ila ya rasu, shaida ɗaya ya rasu. Saura Malam Ɗanjuma mai kilishi, wanda tsufa ya kwantar. Na sayi goro da lemo na ce zan je gaishe shi. Ba gaisuwa ta kai ni ba. Na je ne in ga ko yana tuna takardar.

Na same shi a zaure a kan buzu, ido ya tafi, 'ya'yansa na shanya nama a tsakar gida. Na yi sallama, ya kama hannuna yana shafawa, ya ce, "Abdulbaƙi, kai ne? Yaushe ka dawo?"

Na ce Rilwanu ne, Malam.

Bai ji ba. Ya ce, "Yaya yarinyar? Au, na manta, ba ka son a tambaye ka ita." Ya yi dariya har da tari. "Kwantar da hankalinka, tana hannun Rilwanu. Yaron nan ko allurar mutane ba ya ɗauka."

Na zauna kamar an dasa ni. Abin da na fara ji a raina shi ne zan rubuta, don in ban rubuta ba wannan littafin ma ƙarya ne. Daɗi na ji. Na ce alhamdu lillahi, hankalinsa ya gushe, ba kotun da za ta saurare shi. Na yi wa Allah godiya a kan tsufan mutumin da ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni.

Na bar masa goron na fito.

Litinin, 21 ga Oktoba, magariba

Habiba ta daina yi mini magana sai ta dole. Ga ruwa, ga abinci, a dawo lafiya. Da hantsi take tafiya gidan Mu'mina, sai la'asar ta dawo. Ban hana ta ba, ban tambaye ta ba.

Ban bi ta layinsu ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Nu'man ya zo shago. Na hango shi daga nesa na so in shige bayan labule, amma ya riga ya gan ni. Ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba. Na so a ce ya zo da rashin kunya, da na samu abin kamawa.

Ya ce, "Baba, ba ni na aike ta kotu ba, wallahi. Na ce ta bari, gida ai na Allah ne. Ta ce ba don gini ba ne, shi kaɗai ne abin da mahaifinta ya taɓa ba ta da sunanta."

Na ce to me ya kawo ka.

Ya ce saƙo ne. "Ta ce ku zo gida, ku dube ta, ku ce mata gidan ba nata ba ne. In kun faɗa da bakinku, gobe za ta janye ƙara, mu kwashe kayanmu. Ta ce ba za ta musa muku ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ƙara da cewa ba ta cin abinci, ga shi kuma ba ita kaɗai ba ce yanzu, wata na biyar ke nan.

Ban sani ba. Kowa ya sani ban da ni. Da a ce bara ne, ni za a fara yi wa albishir, in yi kamar ban ji ba, in je in sayo rago tun da wuri.

Na ce masa ina da yanka.

Alhamis, 24 ga Oktoba, la'asar

Ban je kotu ba, Metir ya je. An ɗaga zuwa 14 ga Nuwamba. Alƙaliyar ta ce tana son ganinmu mu biyu ido da ido.

Lahadi, 27 ga Oktoba, hantsi

Na sauko da tsofaffin littattafan awo daga saman kanta, wai ina neman awon wani. Kowane littafi akwai shafinta. A sama na rubuta "Mu'minata", ba suna na biyu, don ba ta buƙata. Tsawon riga a shekara biyu, a shekara bakwai, rigar makaranta, kayan sauka, kayan biki. Akwai inda na rubuta a gefe: ba ta tsayawa wuri ɗaya, a ƙara yatsa biyu.

Duk atamfofin nan Yaya ya saya. Ni na ɗinka, ni aka yi wa godiya.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Alhaji Shamsuddin ya tsayar da mota a ƙofar shago, bai fito ba. Ya sauke gilashi ya ce masu gininsa na jira, ya ji an ce akwai 'yar matsala. Na ce ƙaramar magana ce ta cikin gida. Ya ce ya san ni mutum ne mai cika alkawari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mutumin nan bai cuce ni ba. Na so in ce ya cuce ni, amma abin da na nuna masa shi ya gani.

Asabar, 2 ga Nuwamba, azahar

An ɗauke wuta tun safe, muka hura gawayi a tsohon dutsen guga. Abokan aikina suka tafi cin abinci. Takardar tana aljihuna, kwana uku ke nan ina yawo da ita, ban san dalili ba. Ko kuwa na sani.

Na buɗe dutsen gugan, garwashi ja wur. Na fito da ita na warware. Rubutun Liman ne, tawadar ta koma ruwan ƙasa, ga sunan Yaya, ga nawa, ga nata. A nan kaɗai duk duniya aka rubuta Mu'mina 'yar Abdulbaƙi. Na riƙe ta a saman wutar har gefenta ya fara lanƙwashewa.

Sai wata mata ta yi sallama tana tambayar ɗinkinta. Na cusa takardar a aljihu na tashi.

Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Mai karɓar ɗinki ce ta hana ni.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da safe

Ba jinkiri ba ne.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan magariba

Na yi wa Habiba magana. Na ajiye takardar a gabanta, ta dube ta, ta ga inda wuta ta lasa, ta turo mini ita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce mata ba don kaina kaɗai nake jin nauyi ba. In na faɗi gaskiya a kotu, sai na ce akt ɗin ƙarya ne. Sai na tsaya gaban mutane na ce Mu'mina ba 'yarmu ba ce, ke ba ki haife ta ba, ba ki taɓa haihuwa ba. A goge sunanki. Na ce ina tausayinki ne.

Ta ce, "Malam, kada ka laɓe a bayana, ba zan ɓoye ka ba. Duk unguwar nan wa bai san ban haihu ba? Shekara talatin ina jin sa a gidan suna da gidan biki. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na wanke ta ranar aure. Ma'aikacin meri ne ya sa na yi? Su goge."

Sai ta fashe da kuka, ta ce, "Abu ɗaya nake tsoro. Kada ta haihu a gidan haya, a ce mu muka fitar da ita."

Ta ce mu. Ba ta ce kai ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, la'asar

Na kai wa Metir takardar. Fara'ar ta tafi. Ya sa na karanta masa ina fassarawa, ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce in na faɗi haka a gaban alƙaliya na ba da kaina ne, don bayanin ƙarya a akt da a takardar magada ba wasa ba ne, ana iya buɗe mini wata shari'ar daban. Ga Alhaji Shamsuddin, dole in mayar masa da abinsa. Ya ce da me? Na ce shago da kekuna. Ya ce in je in yi tunani, har yanzu ba wanda ya tilasta ni.

Na yi Juma'a a masallacinmu. Na tsaya a sahun baya kusa da takalma.

Laraba, 13 ga Nuwamba, magariba

Na goge farar rigata. Har yanzu ban san abin da bakina zai faɗa ba. Na san halina, na sha yin niyya.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

An yi.

Ɗakin ya cika, yawanci masu jiran nasu ne, amma na ga fuskokin unguwa a baya. Habiba ta zauna a gefen Mu'mina, ba a gefena ba. Wata biyu ban ga yarinyar nan ba. Ta rame a wuya. Atamfar da ke jikinta ni na ɗinka, ta yi mata kaɗan yanzu.

Alƙaliyar ta kira mu gaba. Ta ɗaga akt ɗin, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "C'est votre fille?" Wato wannan 'yarka ce?

Shekara ashirin da takwas ina amsa wannan tambaya, a makaranta, a asibiti, a gaban masu neman aure, ban taɓa yin jim ba. E ɗin yana kan harshena, kuma ba zai zama mini ƙarya a zuci ba. Na dubi Mu'mina. Ba ta harare ni ba, jira kawai take yi, irin jiran da take yi a ƙofar makaranta in na makara.

Faransancina ya gudu. Na ce da Hausa, "Ba 'yata ba ce. 'Yar yayana ce, Abdulbaƙi. Gidan nata ne, amana aka ba ni na ci."

Tafinta ya maimaita da Faransanci, sai na ji maganar sau biyu. Wani a baya ya ce innalillahi. Na miƙa takardar Liman, alƙaliyar ta juya ta, ta shafa inda ya ƙone, ta tambayi me ya same ta. Na ce ni ne. Ta sa aka rubuta duk abin da na faɗa, na sa hannu. Ta ce maganar sayarwa ta tsaya, ta ba da wata rana, ta ce sauran bayanina za a miƙa inda ya dace. Ban riƙe ranar ba, Metir ya rubuta.

A kan matakala na tsaya ina neman inda zan sa idona. Sai ga ta ta sauko a hankali, Habiba na riƙe da hannunta. Ta zo gabana, da cikin nata da komai ta durƙusa kamar kullum. Na ce tashi, tashi.

Ta ce, "Sannu, Baffa. Allah ya saka da alheri."

Ba da gatse ta faɗa ba, da ladabi ta faɗa, idonta cike da hawaye. Sunan da ta kira mahaifinta da shi shekara goma sha biyar, yau ta mayar mini da abina. Ni na faɗa a gaban hukuma, ita kuma ba ta taɓa musa mini magana ba.

Na ce amin. Suka hau taksi, ni na taho da ƙafa.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da safe

Ban fita ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan azahar

An zo an ga shago, an yi ciniki. Na roƙi a bar mini tsohon keken Yaya mai ƙafa, aka bar mini. Na kafa shi a zaure. Alhaji Shamsuddin ya karɓi abinsa ya tafi. Masu gaishe ni a hanya sun kasu biyu, masu riƙe hannuna su daɗe da masu tsallaka titi, kuma duka biyun kunya suke ba ni. Metir ya ce in zauna da shiri, takarda na iya zuwa kowane lokaci.

Yau na bi ta layinsu. Ban shiga ba. An shanya wanki a kan katanga.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, la'asar

Habiba ta dawo daga can da ƙullin leda, ta ajiye a kan keken. Atamfa ce turmi ɗaya, da farin yadi mai laushi na jarirai.

Na ce na wane ne.

Ta ce, "Ta ce a kawo wa Baffa. Kayanta duk sun matse ta. Ta ce kana da awonta, ka ƙara yadda ka gani."

Na ce haka ta ce, Baffa?

Habiba ta ce, "Haka ta ce." Ta shige ciki. Ita har yanzu Inna ce, na ji Mu'mina na kiranta haka a waya.

Na juya littafin nan ta gaba, na buɗe sabon shafi. Hannuna ya fara rubuta abin da ya saba, na tsayar da shi. Na rubuta Mu'mina Abdulbaƙi. Na daɗe ina kallon sunan, ya yi kyau, tun tuni ya kamata a gan shi haka.

Na ƙara yatsa huɗu a ciki. Gobe da safe zan yanka.